Cire rarar fatar baya bayan rage ƙiba mai yawa: tambayoyi da amsoshi

Mutumin da ya sauke kilo 40 ko 50 yakan ɗauka ranar da sikeli ya nuna lambar da yake nema, wahala ta ƙare. Sai wata rana ya juya wa madubi baya, ya waiwaya, ya ga fata ta zubo ninki-ninki daga ƙasan kafaɗa har ƙugu, kamar rigar da aka ɗinka wa wanda ya ninka shi jiki. Jama'a na ta yi masa barka, shi kuwa yana ɓoye abin da ke ƙarƙashin tufafi, yana jin nauyin faɗa don kada a ce ba shi da godiya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu wannan hali suka fi yi. Amsoshin ba za su tsaya a madadin likitan da zai kama fatar da hannunsa ya auna ba, amma za su sa mutum ya je wurinsa ya san abin da zai tambaya.

Me ya sa fatar ba ta koma yadda take ba bayan na rame?

A cikin fata akwai zaruruwa iri biyu da ke riƙe ta. Ɗaya shi ne kolajin, mai ba ta ƙarfi. Ɗayan kuma ilastin, mai sa ta miƙe ta dawo kamar roba. Idan jiki ya ƙaru kaɗan na ɗan lokaci, zaruruwan kan jure, su dawo. Amma idan aka ɗau shekaru ana miƙa su fiye da ƙima, sai su tsinke ko su saki, kuma jiki ba ya iya sake saƙa su yadda suke a da. Nankarwar da ake gani a jiki ita ce shaidar wannan tsinkewar. Kitsen da ke cika wurin ya tafi, jakar da ta ɗauke shi kuwa tana nan da girmanta.

Abubuwan da ke ƙayyade yawan rarar su ne yawan nauyin da aka sauke, tsawon shekarun da aka yi da ƙiba, shekarun mutum, gado, shan taba, da yawan duka da rana ta yi wa fata. Matashin da ya yi shekara uku da ƙiba ba ɗaya yake da wadda ta yi shekara 25 tana ɗauke da ita ba. Babu laifin kowa a ciki. Ba don an rame ta hanyar da ba daidai ba ne, kuma ko a hankali aka sauke kilo 50, rarar fata za ta fito.

To me ya sa baya yake yin layi-layi, maimakon ya zubo gaba ɗaya kamar ciki?

Wannan tambaya ce mai kyau, domin amsarta ce ke bayyana siffar tiyatar. Fatar baya ba a sake take ba. Akwai wuraren da wasu zaruruwa masu tauri suka ɗaure ta da shimfiɗar da ke lulluɓe da tsoka, musamman a tsakiyar gadon baya inda ƙashin baya yake, da wasu layuka da suka gangaro ta kwiɓi. Idan fata ta saki, sai ta rataya a kan waɗannan maɗaurai, kamar labulen da aka kama a wurare da dama. Shi ya sa ake ganin ninki biyu, uku, wani lokaci huɗu a kowane gefe, tsakiyar bayan kuma a lafe.

Waɗannan maɗauran ne kuma ke hana jan da aka yi daga nesa ya isa wurin. Idan aka yi wa mutum tiyata a ƙugu aka ja fata ƙasa, ninkin da ke kusa da kafaɗa sau da yawa ba ya motsawa, domin akwai abin da ya tare jan a hanya. Dole a je wa ninkin a inda yake.

Motsa jiki, man shafawa ko na'urorin ɗame fata ba za su yi ba?

Ɗaga ƙarfe yana gina tsokar baya da kafaɗa, kuma tsoka tana cike ɗan gurbi, tana gyara tsayuwa. Wannan riba ce, a yi. Amma fata ba tsoka ba ce, ba ta ɗamewa da atisaye. Man shafawa yana tausasa saman fata, ba ya kaiwa zurfin da ɓarnar take. Na'urorin da ke dumama ƙarƙashin fata suna ɗan taimaka wa mai ƙaramin saki, irin wanda ba a lura da shi sai an matsa. Wanda zai iya damƙar fatar bayansa ya cika hannu, waɗannan ba za su yi masa komai ba sai cin kuɗi.

Abin da ke aiki ba tare da wuƙa ba shi ne lokaci. Fata takan ɗan ja da kanta a cikin shekara ɗaya zuwa biyu bayan nauyi ya tsaya. Abin da ya rage bayan nan, ya zauna ke nan.

Wannan tiyata ta ado ce kawai ko ta magani?

Ya danganta da wanda ake magana a kai. Akwai wanda damuwarsa siffa ce: riga ba ta zama, ninki yana fitowa ta cikin yadi. Akwai kuma wanda ninkin ya zame masa ciwo. Inda fata ta kwanta kan fata, gumi yana taruwa, iska ba ta shiga, sai wurin ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi, ya saɓule, ya fara wari. Ƙwayoyin cuta masu son danshi, dangin masu kawo makero, suna samun wurin zama. A sha magani ya warke, bayan mako biyu ya dawo. Kuma baya wuri ne da hannu ba ya kaiwa sosai, don haka wankewa da busarwa ma sai da taimakon wani.

A ganina ko wanda siffa ce kaɗai ta dame shi bai kamata a raina damuwarsa ba. Mutumin da ya yi shekara biyu yana fama da abinci da motsa jiki, ko ya kwanta aka yanke masa tumbi, yana da haƙƙin ya so ya ga jikin da ya yi wa wahala. Sai dai kamfanonin inshora da tsare-tsaren lafiya na gwamnatoci da yawa suna lissafa tiyatar baya a cikin ado. Inda suke duba yiwuwar biya, sukan nemi shaidar cewa ciwon fata ya yi ta dawowa duk da magani. Saboda haka mai fama da wannan ya riƙa zuwa asibiti a rubuta, ya ajiye takardun magani da hotuna masu kwanan wata.

Yaya ake yin aikin?

Kafin a shiga ɗakin tiyata, likita yana sa mutum ya tsaya, ya kama fatar da yatsu, ya ga iya abin da za a cire a iya haɗa bakin raunin ba tare da ja mai tsanani ba, sannan ya zana da alƙalami. A tsaye ake zanen domin idan mutum ya kwanta fata tana baje, ninkin ya ɓace. Daga nan a sa shi barci gaba ɗaya, yawanci a kifa shi rub da ciki, a yanke fatar da kitsen da ke manne da ita, a ɗinke hawa-hawa: na ciki mai ɗaukar nauyi, sannan na saman fata. Ɗinkin ciki shi ne ginshiƙin aikin. Wani likitan fiɗa na Amurka, Ted Lockwood, shi ya yi fice a farkon shekarun 1990 wajen nuna cewa idan aka ɗora nauyin jan a kan shimfiɗa mai ƙarfi da ke cikin kitsen ƙarƙashin fata, tabo ya fi zama siriri, aikin kuma ya fi daɗewa.

Inda za a yanka kuwa ya danganta da inda rarar take.

Idan ninkin yana sama ne, tsakanin allon kafaɗa da tsakiyar baya, ana yin yanka a gicciye daga wannan kwiɓi zuwa wancan. Ga mata ana daidaita shi da inda maɗaurin rigar nono yake bi, don ya ɓuya a ƙarƙashinsa. Shi ya sa likitoci da yawa kan ce wa mace ta zo da rigar nonon da ta saba sawa ranar zane.

Idan rarar ta fi yawa a gefe, wasu likitoci sukan yanka a tsaye, daga hammata zuwa ƙasa ta kwiɓi, su jawo fatar baya zuwa gefe. Amfanin wannan shi ne gadon baya ya fita ba tabo, hannu kuma yana rufe layin idan an sauke shi. Maza da yawa sun fi son haka, tunda ba su da abin da zai ɓoye layin gicciye. Amma ba kowane ninki ne yake miƙewa da jan gefe ba.

Idan kuma matsalar tana ƙasan baya ne, saman mazaunai, ana yin yanka mai kewaye ƙugu kamar ɗamara, wanda yake haɗawa da cire fatar ciki, ya kuma ɗaga mazaunai da gefen cinyoyi. Wannan babbar tiyata ce, ta fi ta saman baya nauyi nesa ba kusa ba.

Tiyatar saman baya ita kaɗai takan ɗauki awa biyu zuwa huɗu. Wasu suna komawa gida a ranar, wasu suna kwana ɗaya ko biyu.

Zuƙe kitse kawai ba zai wadatar ba? Na ji ba ya barin tabo.

Zuƙe kitse yana cire abin da ke ƙarƙashi ne, ya bar fata ta ja da kanta. Yana kyau ga mai fata mai ƙarfi. Wanda fatarsa ta riga ta saki, idan aka zuƙe ɗan kitsen da ya rage, ninkin ƙara zubowa yake yi. Ana haɗa shi da yanka don a daidaita gefe da gefe, amma ba ya tsayawa a madadinsa.

Yaushe ne lokacin da ya dace?

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, kuma nan ne na fi son a tsaya a saurara. Sharaɗi na farko shi ne nauyi ya tsaya cak. Yawancin likitoci suna son ya yi aƙalla wata shida bai hawa bai sauka ba, ban da ɗan kilo ɗaya ko biyu na yau da kullum. Wanda aka yi wa tiyatar rage tumbi ko ta karkatar da hanyar abinci, nauyinsa yakan ci gaba da sauka har wata 12 zuwa 18, don haka kafin nan ba a maganar cire fata. Haka ma mai amfani da alluran rage ƙiba irin su Wegovy ko Mounjaro: muddin sikeli na sauka, da sauran lokaci. Shi yana da ƙarin tambaya ma, wato me zai faru idan ya daina allurar, domin mutane da yawa nauyinsu yana dawowa bayan dainawa.

Dalilin jiran a bayyane yake. Idan aka yanke fata yau, mutum ya ƙara sauke kilo 15, sabuwar rara za ta fito, ga tabo, ga ninki. Sannan jikin da ke cikin ramewa jiki ne da abinci bai ishe shi ba, kuma irin wannan jiki ba ya haɗa rauni da kyau. Na san jiran yana da ɗaci. Mutum ya gaji, yana son ya rufe wannan babi. Amma wata shida na haƙuri sun fi a yi aikin sau biyu.

Akwai kuma maganar ma'aunin BMI, wanda ake samu ta hanyar raba nauyi a kilo da tsayi a mita sau kansa. Gwargwadon yadda yake sama, haka matsalolin rauni ke ƙaruwa. Likitoci da dama sun fi sakin jiki idan yana kusa da 30 ko ƙasa, wasu kuma suna karɓar sama da haka bayan sun duba sauran lafiyar mutum.

Wane shiri ake yi kafin ranar?

Taba ce ta farko. Nikotin yana tsuke ƙananan hanyoyin jini, kuma gefen raunin da aka ja aka ɗinke da waɗannan hanyoyin yake rayuwa. Mai shan taba ya fi fuskantar buɗewar ɗinki da mutuwar fata. Ana so a daina aƙalla mako huɗu zuwa shida kafin tiyata, a ci gaba da ƙauracewa bayanta. Shisha da sigarin lantarki duk suna ciki. Wasu likitoci har gwajin fitsari ko jini suke yi don su tabbatar.

Na biyu abinci. Wanda aka yi wa tiyatar tumbi yana iya zama da ƙarancin furotin, sinadarin ƙarfe, bitamin B12, bitamin D ko zinc ba tare da ya ji komai a jikinsa ba. Gwajin jini ne ke tona wannan. Ƙarancin jini dole a gyara shi tukuna, domin tiyatar kanta tana zubar da jini. Furotin kuwa shi ne tubalin da jiki ke gina rauni da shi. Ana ba masu tiyatar tumbi shawarar kada su gaza giram 60 a rana, kuma lokacin jinya buƙatar tana ƙaruwa. Wannan ba lokacin ƙuntata ci ba ne.

Mai ciwon suga sai sugan ya daidaita, mai hawan jini haka. Mai sikila, mai ciwon zuciya, mai matsalar ɗaukewar numfashi cikin barci, da wanda jini ya taɓa daskare masa a ƙafa ko huhu, su faɗa tun ganin farko. A kawo jerin duk abin da ake sha: asfirin da sauran magungunan tsinka jini, magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen, ƙwayoyin tsarin iyali masu sinadarin istrojin waɗanda ke ƙara haɗarin daskarewar jini, har da magungunan itatuwa da mutane ba sa ɗaukarsu magani. Alluran rage ƙiba suna jinkirta fitar abinci daga tumbi, abin da kan sa mutum ya yi amai ya shaƙe lokacin da aka sa shi barci, don haka likitan sa barci dole ya sani. Kada a dakatar da kowane magani da kai, likita ne zai faɗi wanne da yaushe.

Sai shirin gida: wanda zai zauna da mutum kwanakin farko, riguna masu maɓalli a gaba, da sauko da kayan amfanin yau da kullum daga saman kanta zuwa inda hannu zai kai ba tare da miƙa ba.

Tabon fa? Zai ɓace?

Ba zai ɓace ba. Duk wanda ya ce zai ɓace, bai faɗi gaskiya ba. Wannan tiyata musaya ce: a ba da rarar fata, a karɓi dogon layi da zai zauna har ƙarshen rayuwa. Wanda bai amince da wannan musaya a ransa ba, bai shirya ba tukuna.

A watannin farko tabon yakan yi ja ko ya yi duhu, ya ɗan taso, ya yi tauri. Sau da yawa ya fi muni a wata na biyu zuwa na uku, lokacin da mutane ke firgita su ɗauka aikin ya lalace. Daga nan sai ya fara lafawa, kuma ba a yanke masa hukunci sai bayan wata 12 zuwa 18. Fatar baya tana da kauri, kuma kowane sunkuyo da miƙa hannu yana jan ta, shi ya sa tabon baya ya fi na wasu wurare saurin faɗaɗa.

Masu baƙar fata suna da ƙarin abin lura. Tabo yana iya yin duhu fiye da fatar da ke kewaye, kuma sun fi saurin samun tabon da ke kumbura ya tsallake iyakar raunin, wanda likitoci ke kira kiloyid. Saman baya, kafaɗa da ƙirji suna cikin wuraren da ya fi fitowa. Wanda ya taɓa samun irin wannan kumburi bayan hujin kunne, ƙurji ko wata tiyata, ko yana cikin danginsa, ya nuna wa likita tun farko. Wani lokaci wannan kaɗai ya isa a sake shawara, ko a zaɓi yanka ta gefe, ko a shirya allurar da ake yi wa tabon da zarar ya fara tasowa.

Abin da ke taimakawa bayan rauni ya rufe: filastar silikon ko man silikon na wasu watanni, tausa a hankali idan likita ya ba da izini, da kare layin daga rana har shekara guda. Man bilicin ba ya gyara tabo, yana ƙara raunana fatar ne.

Waɗanne matsaloli ne ke iya faruwa?

Ƙananan matsaloli ba baƙi ba ne a tiyatar waɗanda suka rame sosai, kuma gara a san haka tun kafin a kwanta. Wadda aka fi gani ita ce taruwar ruwa mai launin rawaya a ƙarƙashin fata, inda aka raba ta da abin da take manne da shi. Ana zuƙe shi da sirinji, wani lokaci sau da dama. Sai buɗewar wani ɗan sashe na ɗinki, musamman inda ja ya fi yawa, wanda yawanci wanki da sauya bandeji ke warkar da shi cikin makonni. Akwai taruwar jini, wadda idan ta yi yawa sai an koma ɗakin tiyata. Akwai shigar ƙwayoyin cuta. Akwai mutuwar jin taɓawa a kewayen layin, wadda takan ragu cikin watanni amma ba lallai ta dawo duka ba. Ƙarshen layin kuma yana iya yin ɗan tudu a gefe, ko gefe ɗaya ya ɗan bambanta da ɗaya, abin da ake gyarawa da ƙaramin aiki daga baya.

Wadda ta fi haɗari ita ce daskarewar jini a jijiyar ƙafa, domin gudan yana iya ɓallewa ya toshe huhu, kuma wannan yana kisa. Ba ta cika faruwa ba, amma saboda ita ne ake sa safa mai matsi, ake naɗa wa ƙafafu na'ura mai matsawa lokacin aiki, ake yi wa wasu allurar tsinka jini, ake kuma tayar da mutum ya taka tun ranar farko ko washegari ko da ba ya so.

Yaya kwanakin jinya suke? Ta yaya ma zan kwanta?

Mako na farko shi ne mai wuya. Yawanci mutane sun fi kukan ɗaurewa da ja fiye da zafi mai tsanani, kamar an sa musu riga ƙarama. Sau da yawa ana barin siririn bututun roba ɗaya ko biyu da ke fitar da ruwa zuwa wata 'yar gora, ana zubarwa ana rubuta yawansa kullum, a cire idan ya ragu, galibi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ana sa rigar matsi ta kusan mako shida.

Kwanciya ta danganta da inda layin yake. Wasu likitoci suna cewa a kwanta ta gefe ko rub da ciki, wasu suna barin a jingina da matasai. A tambaya kafin a bar asibiti. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne a guji duk motsin da ke miƙa fatar baya: sunkuyo don ɗaukar abu a ƙasa, ɗaga hannu sama da kai, miƙa hannu biyu gaba, murɗa jiki, ɗaukar yaro. Idan abu ya faɗi, a durƙusa da gwiwa, baya a miƙe.

Mai aikin zama yakan koma bayan mako biyu zuwa uku. Mai aikin ƙarfi da mai ɗaga ƙarfe sai bayan mako shida ko fiye. Tuƙi sai an daina magungunan ciwo masu sa maye, kuma mutum yana iya juyawa ya taka birki da sauri ba tare da ɗar-ɗar ba. Kumburi yana ɗaukar wata uku zuwa shida kafin ya sauka sosai. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: a mako na biyu ko na uku mutane da yawa sukan shiga ƙunci, su ce da sun sani. Gajiya ce da kumburi da zaman wuri ɗaya, kuma yawanci tana wucewa. Idan ta ƙi wucewa, a faɗa wa likita kamar yadda za a faɗi ciwon rauni.

Wace alama ce ba a jira da ita?

Numfashi ya yi wuya ko ƙirji ya yi ciwo. Ƙafa ɗaya ta kumbura ko sharaɓa ta yi zafi. Gefe ɗaya na baya ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri. Zazzaɓi da ya kai digiri 38, ja mai yaɗuwa, mugunya ko wari daga rauni. Jiri da suma. Fatar bakin ɗinki ta yi baƙi. Ko tsakar dare ne, a tafi asibiti.

Zan iya haɗa baya, ciki, hannuwa da nono a yi su rana ɗaya in huta?

Wasu suna haɗuwa da kyau. Saman baya yakan tafi tare da damatsa da gefen ƙirji, domin layukan suna haɗuwa a hammata. Amma kowace ƙarin awa a kan teburin tiyata tana ƙara zubar jini, sanyin jiki da haɗarin daskarewar jini. Akwai kuma matsalar ja: idan aka ja fatar baya sama a wuri ɗaya, aka ja ta ƙasa a ƙugu a rana guda, fatar da ke tsakani tana shan wuya. Shi ya sa likitoci da yawa suke raba aikin, su bar aƙalla wata uku tsakani, sau da yawa su fara da ciki da ƙugu. Kada garin neman gira a rasa ido.

Kilo nawa zan rage da wannan tiyata?

Kaɗan. Fatar saman baya ba ta da nauyin da ido ke ba ta. Siffa ake gyarawa, ba sikeli ba.

Fatar za ta sake zubowa? Idan na samu juna biyu fa?

Abin da aka yanke ya tafi. Amma fatar da ta rage ita ce dai wadda ƙiba ta raunana, don haka takan ɗan saki a shekarar farko, kuma tsufa zai yi nasa aikin. Abin da ke rusa sakamako shi ne hawa da saukar nauyi. Juna biyu bai cika taɓa tabon saman baya kai tsaye ba kamar yadda yake taɓa na ciki, kuma tiyatar ba ta hana haihuwa, amma nauyin da ke zuwa da shi yana iya dawo da wani ninki. Wadda ke shirin haihuwa nan kusa, gara ta jira.

Ta yaya zan gane likitan da ya dace?

A nemi ƙwararren likitan fiɗa na gyaran jiki wanda hukumar likitocin ƙasarsa ta yi wa rajista a wannan fanni, ba wanda ya yi kwas na 'yan kwanaki ba. A tambaye shi sau nawa yake yi wa waɗanda suka rame sosai aiki, domin fatarsu daban take. A nemi ganin hotunan aikinsa bayan shekara guda, ba bayan mako biyu ba, kuma na masu launin fata irin na mai tambaya. A tambayi wanda zai sa barci, da ko wurin yana da jini da kayan ceto, da wanda za a kira idan ɗinki ya buɗe ranar hutu, da wanda zai biya idan aka buƙaci gyara. Likitan da ya ce babu wani haɗari, ko yake matsa wa mutum ya biya yau don rangwame, a tashi a bar masa ofishinsa. Araha ba ta ado.

Masu tafiya wata ƙasa su lissafa da abu biyu. Doguwar tafiya a jirgi jim kaɗan bayan tiyata tana ƙara haɗarin daskarewar jini, sannan yawancin matsalolin rauni suna bayyana ne a mako na biyu da na uku, lokacin da mutum ya riga ya dawo. Kafin a tashi, a san likitan da ya yarda zai karɓi jinyar a gida, a kuma dawo da cikakken rahoton abin da aka yi.

Idan na yanke shawarar ba zan yi ba, ko ba ni da hali yanzu, yaya zan kula da ninkin?

Mutane da yawa suna rayuwa da rarar fatarsu lafiya lau, kuma ba abin da ke lalacewa don an jinkirta shekara biyu ko biyar. A wanke cikin ninkin kullum da sabulu marar ƙarfi, a ɗauraye sosai, sannan a busar sarai. Busarwar ta fi wankin muhimmanci. Inda hannu bai kai ba, a ratsa dogon tawul mai laushi, ko a yi amfani da na'urar busar da gashi a kan iska mai sanyi. A sa tufafin da ke tsotse gumi, a sauya da zarar sun jiƙe. Rigar ciki mai ɗan matsi tana hana fata gogar fata lokacin tafiya da motsa jiki, kuma ga mata rigar nono mai faɗin maɗauri ta fi siririya wadda ke nutsewa cikin ninki. Man da ke ɗauke da zinc yana kare wurin da ke yawan saɓulewa. Idan wurin ya yi ja, ya jiƙe, ya fara ƙaiƙayi ko tsagewa, a kai wa likita ya gani ya rubuta maganin da ya dace, kada a shafa mayukan da ke ɗauke da sitiroyid ba tare da umarni ba, domin suna kwantar da ƙaiƙayin na kwana biyu, ƙwayar cutar kuma tana ƙara bazuwa a ƙarƙashi.